Gandu, Gayya da Rumbu a Ƙasar Gobir

Bayan da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watsu. Waɗansu suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da su, ya kafa Sabon Birni a bakin gulbin Rima. Mutanen da yaƙi ya kora haka ba su da dukiyar da ta wuce ƙarfinsu da gero. Saboda haka suka riƙe waɗansu ɗabi'u na zaman tare, waɗanda suka hana talaka faɗuwa ƙasa warwas.

Na farko shi ne gandu. Maigida da 'ya'yansa su kan noma gona ɗaya, abinci da ɗawainiyar aure su fito daga cikinta, amma kowane ɗa yana da gayaunarsa. Na biyu gayya, kalmar da ta haɗa asali da gayyata. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa sai ya kira jama'a, a zo da makaɗa, ladan kuwa fura ce da alkawarin ramawa. Na uku zakka, watau dami ɗaya cikin goma na amfanin damina, ga wanda ya kai nisabi. Haka kuma a da, da kaka Fulani su kan sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai aka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Isa da Sabon Birni hannun Ingila. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, dole manomi ya sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, samari kuma suka tafi cin rani. Yunwar 1914 ta tarar da rumbuna da yawa a fili. A hayin Faransa hukuma ta tilasta rumbun tsimi, amma jama'a suka ƙi jininsa, gama makulli ba ya hannunsu.

Lalle wancan zamani ba aljanna ba ne, akwai bauta, akwai hari. Amma a yau da rashin tsaro ya raba manomi da makiyayi a wannan yanki, mai neman gyara ya kamata ya tuna, taimakon da ya dawwama shi ne wanda jama'a ke riƙe da makullinsa.