Inshorar gida da ɓarnar ruwa: abin da ake biya da wanda ba a biya

Yawancinmu mazauna kudu in an ce inshora, tunaninmu ba ya wuce takardar mota da ake nuna wa 'yan sanda a hanya. Amma akwai inshorar gida, kuma a ƙasar da ake ruwa wata bakwai ko fiye a shekara, ya kamata mu san yadda take. Na tattaro bayanin nan ne saboda 'yan uwa da ke Agege, Mile 12, Sabon Ibadan, Shagamu, Anacha da Fatakwal, masu gida da 'yan haya baki ɗaya.

Iri biyu ne, kar a haɗa su

Akwai inshorar gini, wadda mai gida ke yi. Ita ke ɗauke da bango, rufi, silin, tayil da duk abin da aka kafe a jikin ginin. Akwai kuma inshorar kayan ɗaki: katifa, kujeru, talabijin, firji, tufafi. In haya kake, ko da mai gidanku ya yi inshora, ba ta shafi kayanka ba. Bututu ya fashe cikin dare ya jiƙa maka katifa da akwatin lefen matarka, kamfani zai gyara wa mai gida silin, kai kuwa sai haƙuri, sai dai in ka yi taka.

Wani abu kuma, ɓarnar ruwa ba kasafai ake sayar da inshorarta ita kaɗai ba. Tana zuwa ne a cikin inshorar gobara da sauran haɗurra na musamman, ko cikin cikakkiyar inshorar gida. In ta gobara zalla ka yi, ruwan famfo da ambaliya ba sa ciki.

Abin da aka saba biya

Ƙa'idar ita ce ɓarnar ta zo kwatsam, ba da saninka ba. Misali bututu ya fashe, ko tankin ruwa na sama ya tsage ko ya tumbatsa, ko guguwa ta yaye kwano ruwan sama ya zuba cikin ɗaki. Ambaliya ma ana biya in an rubuta ta a takardar. Cikakkiyar inshora kan haɗa da haƙƙin maƙwabci, wato in ruwa ya tsiyayo daga ɗakinka na bene ya lalata kayan na ƙasa.

Amma a lura: sau da yawa kamfani na biyan ɓarnar da ruwan ya yi ne, ba kuɗin sabon bututu da ladan mai gyaran famfo ba.

Abin da ba a biya

Mahaifina fataucin shanu yake, kuma a kara kowa ya san bambancin saniyar da ta karye a tirela da wadda tun daga ruga da ciwonta ta taho. To haka 'yan inshora ke kallon ruwa. Yoyon da ya yi wata da watanni yana ɗiga, tsatsar bututu, danshin da ke hawa bango daga ƙasa, tsohon kwano mai huji, aikin ha'inci na mai gyara, duk suna ɗaukarsu rashin kula da gida, ba haɗari ba. Toshewar lambatu ko cikar masai saboda an ƙi kwashewa ma galibi nan suke faɗawa.

Abu biyu sun fi shafarmu mu 'yan Arewa. Na farko, barin gida ba kowa. Takardu da yawa na cewa in gida ya wuce wasu kwanaki a rufe, sau da yawa 30, to ba ruwansu da fashewar bututu. Mu kuwa mukan tafi gida sallah ko noma mu daɗe. Kafin ka tafi ka rufe babban famfo, ka juye tanki, ka sanar da kamfanin a rubuce. Na biyu, hajar kasuwa. Buhunan shinkafa, wake, goro ko atamfar sayarwa da ka jibge a ɗaki ba kayan gida ba ne a wajensu, suna da inshorarsu daban ta kasuwanci.

Maganar ambaliya

Mutanen Ibadan ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta watan Agusta 2011 ba. A 2012 da 2022 kogin Neja ya yi ɓarna a Anambra, Delta da Bayelsa. Mu na kasuwar Kara da Isheri da Mile 12 kuwa mun san abin da ke biyo baya in an saki ruwan madatsar Oyan cikin kogin Ogun. In a irin wuraren nan kake, kamfani na iya ƙara maka kuɗi, ko ya cire ambaliya gaba ɗaya. Ka faɗa musu gaskiya cewa ruwa na shiga unguwar. In ka ɓoye suka gano daga baya, suna da hujjar hana ka ko kobo.

Lissafin da ke ba mutane mamaki

Akwai wani kaso na farko na kowace asara da kai za ka ɗauka da kanka, an rubuta shi a takardar. In ɓarnar ba ta haura shi ba, ba abin da za a ba ka. Sannan in ka rage darajar gida don kuɗin shekara ya yi sauƙi, diyya ma za a rage. A ce gidan naira miliyan 20 ne ka rubuta miliyan 10, ruwa ya yi ɓarnar miliyan 2, miliyan 1 za ka karɓa. Da yadda siminti ke tashi, gara a riƙa sabunta ƙimar duk shekara. Haka nan a Najeriya in ba ka biya kuɗin inshora ba, ba ka da kariya, ko da ejan ya ce maka "ka kawo daga baya, Alhaji".

In ruwa ya yi ɓarna

Ka kashe wuta, ka rufe famfo, ka kwashe abin da zai kwasu. Ka ɗauki hoto da bidiyo kafin a share. Ka sanar da kamfani nan take, a rubuce. Kar ka zubar da kayan da suka lalace, kar kuma ka fara babban gyara sai mai ƙiyasta asara ya zo ya gani. Ka adana rasit, ka sa mai gyaran famfo ya rubuta abin da ya jawo fashewar. In an ƙi biyanka ba bisa hujja ba, hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don kula da kamfanonin inshora, tana karɓar ƙorafi.

Ga masu gudun riba

Da yawa cikinmu na ƙin inshora saboda addini. Akwai takaful, tsarin taimakekeniya da NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful na yin sa. Gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya, a biya wanda asara ta samu, in an yi rara a raba wa mahalarta. Sai dai sharuɗɗan ruwa da na lissafa suna nan a can ma.

Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata kamfanin na da rajista da NAICOM, ka biya ta asusun kamfani ba hannun mutum ba. In Turancin takardar ya yi maka nauyi, ka nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka shafin abubuwan da aka cire kafin ka sa hannu. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu.