Daga Kaset Zuwa Bluetooth: Tarihin Ramin Rediyo a Motocin Gabashin Sakkwato

Duk wanda ya saba zama gidan gaba a motocin haya da ke tashi daga Sakkwato su bi ta Achida zuwa Wurno da Goronyo, ko waɗanda ke nufar Rabah da Gandi, ya san wani rami mai kusurwa huɗu da ke tsakiyar dashbod. A wata motar za ka tarar da tsohuwar rikoda a cikinsa, bakinta a buɗe, babu kaset. A wata kuma gilashi ne mai haske kamar babbar waya. Wata motar ramin ne kawai, direba ya mayar da shi ma'ajiyar goro da takardun mota. Motocin sun tsufa, da yawansu sun girmi direbobinsu, amma abin da ke cikin ramin ya sauya aƙalla sau huɗu cikin shekara 50. Tarihin wannan sauyi ya fi yadda ake zato alaƙa da rayuwar mutanen yankin.

Ramin kansa yana da asali. Rediyon mota ya fara yaɗuwa a Amurka a 1930 da sunan Motorola, sannan Blaupunkt ta fitar da nata a Jamus a 1932. Da farko kowane kamfani da girman akwatinsa. Jamusawa ne suka tsayar da awo guda, faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50, aka kuma karɓe shi a matsayin awon duniya a 1984. Shi ne masu wayarin ke kira DIN, mai ninki biyunsa kuma dobul DIN. Saboda wannan awo ne za a iya zare rediyon da aka sa wa Golf a Jamus shekara 30 da suka wuce, a zura wanda aka ƙera a Sin bara, ya zauna daram kamar don shi aka yi ramin. Waɗanda suka zauna suka yanke wannan awo ba su san da Goronyo ba, amma sun yi wa direbobinta aikin da ba kowace gwamnati ta yi masu ba.

Kafin kaset, abin da mota ke iya kawowa rediyo ne kawai, shi ma da iyaka. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962 zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, shi ne muryar da Arewa ta fi sani, daga baya Rima Rediyo ya zama na gida. Sai dai tashoshin da mutane suka fi dogara da su wajen labarin duniya, wato Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957 da na Jamus da na Muryar Amurka, a gajeren zango ake kama su, galibin rediyon mota kuwa ba shi da gajeren zango. Shi ya sa direban da ke son labarai yakan riƙe ƙaramar rediyonsa daban, ya kunna ta in an tsaya salla ko cin abinci. Tun a lokacin, abin da kamfani ya sa a mota bai dace da buƙatar mai tuƙa ta a nan ba.

Kaset ne ya sauya komai. Philips ta fito da shi a 1963, ya shiga motoci kafin ƙarshen shekarun 1960, ya kuma iso mana daidai lokacin da kuɗin fetur ya cika ƙasa, kamfanin Fijo ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, Fijo 504 ta mamaye tashoshi. Amfanin kaset ga yanki irin wannan shi ne ba sai an jira wani kamfani a Legas ya ga dama ba. Mai rikoda guda zai iya ɗaukar makaɗi a wurin biki ko filin dambe, mai rikoda biyu ya kwafa ya sayar a kasuwa. Ta haka waƙoƙin Narambaɗa na Isa, da na Musa Ɗanƙwairo, da na Ɗan Anace na Gandi mai waƙar 'yan dambe da manoma, suka riƙa zagayawa daga mota zuwa mota. Haka wa'azi. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi da karatun malaman ɗariƙu duk a kaset suka shiga ƙauyukan da malaman ba su taɓa takawa ba, kuma muhawarar da ta biyo bayan kafa Izala a 1978 an yi kaso mai yawa nata a cikin motocin haya, tsakanin fasinjan da ke cewa a ƙara murya da wanda ke cewa a cire.

A wancan zamani direba sarki ne a motarsa. Abin da ya zura shi kowa zai ji daga tasha har tasha, daga dattijon da ke gaba har yaron da ke maƙale a baya kan buhunan albasa. Akwai direbobin da aka san su da irin kaset ɗinsu, har fasinja kan bar mota ta wuce ya jira wata. Kuma kaset ya dace da hanyoyinmu. Rami ba ya sa shi tsalle. In rikoda ta tauna zaren, sai yaron mota ya zaro shi a hankali, ya naɗe da biro, inda ya tsinke a liƙe da ɗan salatif a ci gaba. Abokin gabarsa guda rana ce: wanda aka manta a kan dashbod a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sai a tarar da shi ya lanƙwashe.

Faifan CD bai daɗe ba a wannan hanya. Ƙura na shiga idon na'urar, gargada na sa waƙa tsalle, faifan na karcewa. Ya yi 'yan shekarunsa a motocin ma'aikata da 'yan siyasa, ya wuce.

Shekarun da CD ke wucewa su ne shekarun da motocin kansu suka sauya. Bayan karyewar naira a tsakiyar shekarun 1980 sabuwar mota ta gagari talaka, sai aka koma kan na hannu daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Golf da Sharon da Starlet da bas-bas na Toyota suka gaje Fijo. Kowace ta zo da rediyon ƙasar da ta baro, wata da lambar sirri da ke kulle rediyon da zarar an cire batir, mai lambar kuma yana can wata ƙasa ya manta ya taɓa mallakar motar. Rediyon Amurka kuma yana tsallake wasu lambobin FM, don haka akwai tashar da ba zai kama ta sosai ba. Masu wayarin da suka koyi warware irin waɗannan matsaloli su ne suka zama masu haɗa waya da mota daga baya.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, ta ɗauki wasu shekaru kafin sabis ya kai ƙananan hukumomin gabas. Da wayoyi masu memori suka yi araha, sai sana'ar masu tura waƙoƙi ta gaje ta masu kwafar kaset: rumfa, kwamfuta ɗaya, janareto, ka ba da memori a cika maka da waƙa da wa'azi da karatun Alƙur'ani. Matsalar da ta rage ita ce yadda abin da ke cikin waya zai fito ta lasifikar mota. An bi hanyoyi da dama, kowace da wayonta.

Ta farko kaset ne na ƙarya mai jela. Ba shi da zare a ciki, sai ɗan kai mai maganaɗisu da ke manne da kan rikoda, jelar kuma a soka ta a ramin iyafis na waya. Rikodar na zaton kaset take karantawa. Ta biyu ita ce ta fi yaɗuwa har yau: ɗan abin nan da ake sokawa a soket ɗin kunna sigari, wanda da yawa ke kira MP. Shi ƙaramin gidan rediyo ne da zangonsa bai wuce 'yan taku ba. Yana karɓar sauti daga memori ko fulash ko ta Bluetooth, ya watsa shi a wata lambar FM da babu tasha a kai, rediyon mota ya kama. A Legas ko Kano, inda tashoshi suka yi yawa, samun lambar da babu kowa aiki ne. A hanyar Goronyo kuwa sarari ne ko'ina, don haka abin ya fi aiki da kyau a nan fiye da biranen da aka fara sayar da shi. A cikin tasha ne kawai ake samun abin dariya, in motoci biyu da ke kusa suka faɗa lamba ɗaya, wa'azin wannan ya fito a motar wancan.

Hanya ta uku ita ce a zare tsohon rediyon gaba ɗaya a sa sabo. Akwai mai araha wanda ba shi da kaset ba shi da CD, sai ramin fulash da memori da Bluetooth. Akwai kuma mai gilashi, wanda shi kansa Android ne, ana haɗa shi da kyamarar baya. Galibinsu daga Sin suke, ƙasar da ke ƙera Tecno da Itel da Infinix ɗin da ke aljihun direban. Aikin sa su bai da wuya ga wanda ya iya, amma akwai inda ake kuskure. Jar waya ta makunni ce, rawaya ta batir kai tsaye. Mai gaggawa kan murɗe su wuri guda, rediyon ya ƙi mutuwa ko an zare makulli, da safe a tashi batir ya kwanta a shiga turi. Wani kuma ya tsallake fis, wanda shi ne ke tsakanin ɗan gajeren haɗuwar waya da gobara. Abin lura shi ne mota mafi tsufa ta fi sauƙin karɓar sabon rediyo. Motocin da suka biyo baya an haɗe rediyonsu da na'urar sanyi da maɓallan sitiyari da kwamfutar mota, sai an nemo fuska ta musamman da ɗan akwatin da ke fassara saƙonnin kwamfutar, daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Mai tsohuwar Golf ya gama nasa kafin la'asar, mai babbar mota yana jiran saƙo.

A Turai da Amurka, in ana maganar haɗa waya da mota, ana nufin CarPlay na Apple da ya fito a 2014 da Android Auto da ya biyo baya a 2015. An gina su kan wasu zato: cewa direba bai san hanya ba sai taswira ta nuna masa, cewa waƙarsa a intanet take, cewa sabis ba ya ɗaukewa. Babu ɗaya daga ciki da ya dace da direban Wurno. Ya san kowane rami da kowace kwana, ya san inda ruwa ke cin hanya in an saki madatsar Goronyo da damina, abin da taswira ba ta sani ba. Waƙarsa a memori take don data kuɗi ce. Abin da yake buƙata daga haɗin shi ne caji da kira. Kiran dillalin albasa da tafarnuwa, kiran ɗan kamasho a tasha, kiran mai saƙo. Sannan, tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar, akwai kiran da ya fi duk waɗannan: na direban da ya riga shi wucewa, yana gaya masa hanya lafiya ko a dakata. Hukumar kiyaye haɗurra ta hana riƙe waya ana tuƙi, kuma tana da gaskiya, amma ba za ka ce wa mai tuƙi tsakanin Goronyo da Sabon Birni ya ƙi ɗaga waya ba. A nan ɗan MP mai Bluetooth ya fi gilashin Android daraja, domin yana barin hannu biyu a sitiyari, kuma fasinjoji duka suna jin amsar da kunnensu, ba sai sun karanci fuskar direba ba.

An ga nauyin wannan a 2021. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, da nufin hana 'yan bindiga magana da masu ba su bayanai. A cikin motoci, memori ya ci gaba da waƙa kamar babu abin da ya faru, rediyon FM ma haka. Kiran ne ya mutu. Direbobi suka koma yadda iyayensu suka yi: fitila, alamar hannu, tsayawa a tambayi motar da ke tahowa. Mutanen bakin iyaka suka riƙa neman sabis ɗin Nijar. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40, bayan haka gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya nemi a dawo da layukan.

Akwai wani abu kuma da haɗin waya ya sauya wanda ba a cika magana a kai ba. Sarautar direba kan abin da ake ji ta ragu. Yanzu rabin fasinjoji da iyafis a kunne, kowa da malaminsa da mawaƙinsa, wani ma sai ya nemi a ba shi Bluetooth ya sa nasa. Gardamar da kaset guda ke tayarwa a mota ta yi sauƙi, wasu na ganin hakan zaman lafiya ne, ni dai ina ganin an yi asarar wani dandali. Waƙoƙin da aka kwaso daga kaset zuwa memori kuma ba duka suka tsallako ba. Na manyan makaɗa sun tsira, ko da yake sau da yawa za ka ga an rubuta sunan wani a kan waƙar wani, ko an yanke farkonta inda makaɗin ke faɗin wanda ya yi wa. Na ƙananan makaɗan noma da na dambe da aka ɗauka sau ɗaya a wani fili a ƙasar Rabah ko Wurno, waɗanda kwafinsu bai wuce na 'yan direbobi ba, suna cikin kwalaye a ɗakunan tsofaffin direbobi da masu rumfar kaset, kuma rikodar da za ta karanta su ita ce mai wayarin ke zarewa yana jefawa cikin tarin kayan gwangwan duk ranar da aka kawo masa mota a sa mata Bluetooth.