Kifin Banda da Kifin Ruwa

Ni ɗan Guri ne, kuma duk wanda ya tashi a fadamar Kogin Haɗeja ya san kifin banda ba ya nuna yadda tarwaɗa ke iyo. Kan irin wannan mu masu nazarin furotin a cikin ruwa muka daɗe muna gardama da masu ɗaukar hoton furotin da eksire. Su sai sun daskarar da furotin ya zama kamar ƙwayar gishiri, mu kuwa a ruwa muke barinsa, mu zura shi cikin ƙaton maganaɗisu, mu saurari amsar da ƙwayoyin zarrarsa ke bayarwa idan an buga musu igiyar rediyo. Wannan ce NMR.

Bloch da Purcell ne suka gano ta a 1946, amma sai a 1985 Kurt Wüthrich da mutanensa a Zurik suka fitar da siffar furotin na farko a cikin ruwa. Ɗan ƙarami ne. Makarɓan saƙo da ke jikin fatar ƙwayar halitta, irin su GPCR da ɗan Adam ke da kusan 800, sun fi ƙarfinmu a lokacin. Manya ne, kuma sai an lulluɓe su da wani irin sabulu suke zama cikin ruwa, su ƙara nauyi, siginar ta dushe. Dabarar TROSY ta 1997 ta rage wahalar, ba ta kashe ta ba.

A 2007 masu eksire suka riga mu: Brian Kobilka da Raymond Stevens suka fitar da siffar makarɓin beta-2, wanda maganin asma na Ventolin ke kamawa. Mun ji zafi, ba na musu. Sai muka rage neman cikakkiyar siffa, muka koma liƙa wa makarɓin alama a wurare kaɗan, kamar ɗaura wa kifi zare a wutsiya. Wüthrich da Stevens sun yi hakan da alamar fulorin a 2012. A 2013 ɗakin binciken Kobilka ya bi methionine, ɗaya daga cikin tubalan furotin, ya ga abin da hoto bai nuna ba: ko magani ya kama, makarɓin ba ya tsayawa a siffa ɗaya, yana ta kai da komo, sai furotin G, abokin aikinsa, ko makwafinsa ya riƙe shi daga ciki yake natsuwa.

Ranar da na fara ganin layin sigina ɗaya ya rabu biyu a allon kwamfuta, alamar wannan kai da komon, na ɗauka samfurin ne ya lalace. Na zubar da shi, aikin mako uku.