Akissi Delta: matar da ba ta zauna aji ba, ta rubuta "Ma Famille"

Duk wanda a cikinku ya taɓa raka shanu zuwa kasuwar dabbobi ta Port-Bouët, ko ya sauke albasa a Abijan, to ya san Ajame, kuma da wuya a ce bai bi ta Roxy ba. Yau in an ce Roxy, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne matan da ke baje magunguna a kan tebur da cikin daro. Amma sunan na gidan sinima ne, kasuwa ta gaje shi daga baya. To tarihinmu na wannan karo na wata mata ce da ta fara aiki lokacin da gidajen sinima irin wannan ke cika maƙil, ta kuma yi fice lokacin da kallo ya koma cikin gidaje da rumfunan mai shayi. Sunanta Loukou Akissi Delphine, duniya ta san ta da Akissi Delta.

Kafin mu kai gare ta, ku tuna cewa mutanenmu ba baƙi ba ne a sinimar Abijan. A 1958 Bafaranshen nan Jean Rouch ya fitar da fim mai suna "Moi, un noir", wanda ya ɗauka a Tireshbil, kan rayuwar 'yan cirani daga Nijar. Jarumin fim ɗin Oumarou Ganda ne, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indoshina yana dako a tashar jiragen ruwa. Shi ne ya koma Yamai ya zama mai shirya fim, har "Le Wazzou polygame" nasa ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972. Wato tun kafin a haifi Delta, ɗan dakonmu ya riga ya tsaya gaban kyamara a wannan birni.

An haife ta a 1960 a Dimbokro, cikin ƙasar Baule. Garin na kan hanyar jirgin ƙasan nan da aka raɗa wa suna Abijan-Nijar, wanda har yau bai taka ƙasar Nijar ba (wannan ma labari ne na wata rana). Akissi suna ne na rana a wurin Baule, na 'yar Litinin, kamar yadda mu ke cewa Altine ko Tani. Ba ta yi lakwal ba. Ta zo Abijan tana yarinya, ta fara da rawa a kan dandali da tallan tufafi, daga nan Léonard Groguhet ya ɗauke ta cikin shirinsa na barkwanci a talabijin, "Comment ça va?", wajen ƙarshen shekarun 1970. Shiri ne na gyara kayanka, ana dariya ana tsokanar ma'aikaci mai cin hanci da magidanci mai ƙarya. Nan ne makarantarta. A ƙasar da komai na gwamnati da Faransanci ake yi, ku duba nauyin da ke kan yarinyar da za ta tsaya gaban kyamara, cikin 'yan boko, ba ta da takardar komai.

Sinima ta biyo baya. Henri Duparc, haifaffen Gini da ya zauna Abijan, ya sa ta cikin "Bal Poussière" na 1988. Wanda bai ga wannan fim ba ya yi ƙoƙari ya gani, don labarin kamar a ƙauyenmu aka yi shi. Wani attajirin manomi ne da ake kira Demi-Dieu, yana da mata biyar, ya ƙyalla ido ya ga Binta, 'yar birni da aka maido ƙauye, ya ce sai ya cika shida: kowace da ranarta, Lahadi kuma ta wadda ta fi kyautatawa. Zuwan amarya ya raba gidan biyu, masu zane a gefe guda, masu rigar Turawa a ɗaya gefen. Ba Delta ce jarumar fim ɗin ba, Hanny Tchelley ce ta fito a Binta. Amma a wurin Duparc ta ga yadda ake ɗauko rikicin cikin gida, kishi da rabon kwana da kuɗin cefane, a mayar da shi abin da mutane za su biya kuɗi su kalla. Ta sake yin aiki da shi a "Rue Princesse" na 1993, fim kan titin mashaya na Yopugon.

A nan ne 'yan wasa mata da yawa ke tsayawa. A kira ki, ki yi abin da aka ce, a biya ki, ki koma gida ki jira wani kiran. Zalika Souley ta Nijar ta isa misali: ta yi suna tun 1966 a "Le Retour d'un aventurier" na Moustapha Alassane, ta yi fim bayan fim, amma da sinimar Nijar ta durƙushe sai ta rasa abin riƙewa, kamar yadda fim ɗin Rahmatou Keïta a kanta ya nuna. Delta ta bi wata hanya. Ta kafa kamfaninta, LAD Production, haruffan farko na sunanta ke nan, ta zama ita ce mai labari, ita ce mai shiryawa, kuma tana ciki tana wasa. A ganina wannan ne babban abin da ta yi, ya fi duk wata fitowa da ta yi a fim ɗin wani. Mai kiwon shanun wani da mai garken kansa, ku kun fi ni sanin bambancinsu.

"Ma Famille" ya fara fita a talabijin ɗin ƙasa, RTI, a 2002. Ku riƙe shekarar nan. Ranar 19 ga Satumba 2002 ne yaƙi ya ɓarke, ƙasa ta rabe biyu, 'yan tawaye suka riƙe Buwake da arewa. Da yawa cikinku kun san abin da ya biyo baya: hanya ta toshe, shinge a kan shinge, baƙo ɗan Burkina ko Mali ko Nijar ya zama abin zargi, wasu suka bar kaya suka tsira da rai. Cikin wannan hali ne wata mata ta riƙa kawo wa mutane labarin gida ɗaya mako bayan mako.

Labarin ba shi da wuya. Delta matar Bohiri ce, mutumin da idonsa ba ya tsayawa kan mace guda. Abokinsa Gohou, shi kuma, a gidansa matarsa Clémentine ce mai faɗa a ji, kullum yana ƙulla ƙarya tana kwance masa. Ga uwar miji da ba ta ƙaunar suruka, ga ƙawaye masu kai gulma su kawo. Michel Bohiri, Michel Gohou, Clémentine Papouet, Nastou Traoré, Amélie Wabehi, Angéline Nadié, duk wannan shiri ya kai sunansu nesa. Yawancinsu da sunansu na gaskiya suke fitowa, abin da ya sa masu kallo suka riƙa ɗaukarsu kamar maƙwabta. Faransancinsu ma na kan titin Abijan ne, irin wanda ake ciniki da shi a Ajame, don haka wanda ya tsinci yaren a tasha yana bin zancen. Wanda bai ji ko kalma ba kuma, fuskar Gohou in an kama shi ta ishe shi.

Akwai masu cewa shirin ya kauce wa maganar yaƙi, ya tsaya kan kishi da gulma. Haka ne, ya kauce. Amma ni ban ga laifi ba. A lokacin da 'yan siyasa ke tantance wane ne ɗan ƙasa na asali, ita ta tara 'yan wasa daga ƙabilu daban-daban a tsakar gida ɗaya suna faɗa kan tukunya. Kuma da irin wannan labari ne ya ƙetare iyaka zuwa Bamako, Wagadugu, Yamai, Kwatano, har Kamaru da Kwango. A ƙasar Hausa muna da kwatankwacinta: Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta dawo ta rubuta "Alhaki Kwikwiyo Ne", aka kuma mai da shi fim. Su biyun rikicin cikin gida suka rubuta, don shi suka sani ciki da bai.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Ta yaya shirin ya isa Maraɗi da Birnin Ƙonni da Jibiya? Wani ta tashar talabijin, amma da yawa ta faifai, cikin buhu, ƙarƙashin atamfa da goro. Zamanin faifan VCD ne, kuma mafi yawan wanda aka sayar kwafi ne. Mai injin kwafi ya ci, dillali ya ci, direba ya ci, na kan shinge ma ya karɓi nasa. Wadda ta biya 'yan wasa, ta yi hayar kyamara, ta ciyar da ma'aikata, ba ta cikin wannan rabo. Masu fim na Kano sun sha irin wannan a hannun masu kwafi, su ma sun san zafinsa. Ba ina cewa kowane bafatake ɓarawo ba ne. Galibi mutum ya sayi abin da ya tarar a kasuwa ne. Amma a faɗi gaskiya: hanyar da ta kai sunan Delta ko'ina ba ta dawo mata da kuɗi daidai da sunan ba. Yau faifan ma ya wuce, sai katin waya da turawa ta Bluetooth, a rumfar mai caji.

Zubin farko na "Ma Famille" ya tsaya a 2007, shekarar da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta Wagadugu. Bayan kimanin shekara goma ta dawo da shi da sunan "Ma Grande Famille", inda ta gayyato 'yan wasa daga wasu ƙasashen Afirka suka shiga gidan. Wasu daga cikin tsofaffin abokan aikinta sun riga mu gidan gaskiya, Duparc kansa ya rasu tun 2006. Bohiri da Gohou kuwa suka koma bakin halinsu, yaran da suka fara kallonsu a 2002 suna kallo tare da nasu 'ya'yan.