Tarihin Dokokin Baƙin Haure da Ɗaukar Baƙi Aiki a Najeriya

Baƙin haure su ne mutanen da suka shigo ƙasa, ko suka zarce wa'adin zamansu a cikinta, ba tare da izinin hukuma ba. A ƙasar Hausa wannan rabe-rabe bai daɗe ba, domin iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906, alhali tun kafin nan fatake da almajirai da 'yan cin rani, wato masu barin gida bayan kaka don neman abin hannu, suna kai da komo a wannan yanki ba tare da an tambaye su takarda ba. Abin da baƙo yake buƙata shi ne mai masaukin da zai tsaya masa, ya kuma gabatar da shi ga mai unguwa.

An ware sashen shige da fice daga rundunar 'yan sanda a 1958, sannan Dokar Shige da Fice ta 1963 ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba karɓar aiki ko kafa sana'a sai da rubutaccen izinin gwamnatin tarayya, sharaɗin da dokar 2015 da ta maye gurbinta ta ci gaba da riƙewa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya shige da fice da fasfo da biza da korar baƙi cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka majalisar dokokin Jihar Katsina ba ta da hurumi a kansu. A nan Najeriya ta sha bamban da Amurka, inda jihar Arizona ta kafa doka a 2007 don hukunta masu ɗaukar baƙin haure aiki, kotun ƙoli kuma ta amince da ita a 2011.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga kowace ƙasa su zauna kwana 90 ba biza, amma ba ta ba su izinin aiki kai tsaye ba, kuma ta wannan kafa gwamnatin Shehu Shagari ta bi. Bayan rikicin Maitatsine na Kano a Disamba 1980, wanda jagoransa Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, da kuma faɗuwar farashin man fetur, ministan cikin gida Ali Baba ya ba da sanarwa a ranar 17 ga Janairu 1983 cewa duk baƙon da ba shi da takardu ya bar ƙasar cikin mako biyu. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 2 suka fice, kusan rabinsu 'yan Gana, tare da ɗimbin 'yan Nijar da Cadi. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake korar baƙi a 1985, a daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona a Nijar, shi ya sa mutanen can suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan Buhari. Tun kafin haka an ga yadda siyasa kan karkatar da dokar, lokacin da aka tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Cadi a 1980 bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, kafin kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa.

A Jihar Katsina, ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su kan iyaka kamar Jibiya ko Mai'aduwa, amma gonakin masara da auduga na kudancin Katsina sun daɗe suna janyo 'yan ƙwadago daga arewa, ciki har da mutanen Nijar, waɗanda kan yi noma da girbi, ko ga-ruwa da gadi da sayar da shayi a cikin gari. An tsara dokar ne da tunanin kamfanin da ke neman gurbin ɗauko injiniya daga ƙetare. Manomin da ya yi jinga da ɗan Maraɗi a bakin gona, suna magana da harshe ɗaya, wataƙila ma akwai auratayya tsakaninsu, ba ya neman izinin Abuja, ba a kuma taɓa yi masa hanyar nema mai sauƙi ba. Illar wannan giɓi a kan lebura take faɗawa, domin wanda ba shi da takarda yana shakkar kai ƙara idan aka danne masa lada.

Matsalar 'yan bindiga, wadda ta kai ga sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, ta sa baƙuwar fuska ta zama abin zargi, ko da yake zargi ba hujja ba ne. Da yake jiha ba ta da iko kan shige da fice, sai ta bi ta hanyar tsaro: a 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ya kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairu 2025 ta cire ginshiƙin yarjejeniyar da 'yan cin rani suke dogara da ita, ko da yake ƙungiyar ta umarci mambobinta su ci gaba da barin 'yan Nijar su shiga ba biza har sai an cim ma sabuwar matsaya.