Koren Bashi: Tarihin Suna da Ƙa'idojinsa, 2007 zuwa 2024

A wannan ɗan rubutu za mu bi tarihin abin da muka kira koren bashi, wato takardar rance da ake sayar wa masu jari bisa alkawarin kuɗin za su tafi ga ayyukan kare muhalli. Tambayarmu ita ce: wa ke da ikon cewa bashi kore ne?

Bankin Zuba Jari na Turai ne ya fara fitar da irin wannan takarda a 2007, ta yuro miliyan 600. A 2008 Bankin Duniya ya bi sahu, bayan asusun fansho na Suwidin sun nemi inda za su sa kuɗinsu ba tare da ɓata yanayi ba. Ke nan daga masu saye buƙatar ta taso. Cibiyar bincike ta CICERO da ke Oslo ce ta tantance ayyukan.

Da kasuwa ta buɗe, sai wasu manyan bankuna suka tsara ƙa'idoji a 2014, ƙungiyar ICMA ta riƙe su. Huɗu ne: bayyana inda kuɗi za su tafi, yadda ake zaɓen ayyuka, yadda ake ajiye kuɗin, da ba da rahoto. Sai dai na ganin dama ne, babu kotun da ke tilasta su.

Shekarar 2017 ta nuna ƙarfin tsarin da rauninsa. Faransa ta nemi yuro miliyar 7, masu jari suka kawo tayin fiye da miliyar 23. Najeriya ta fitar da naira miliyar 10.69, gwamnati ta farko a Afirka. Amma kamfanin mai na Repsol ya ci bashin yuro miliyan 500 don gyaran matatunsa, ya kira shi kore. An saye shi, duk da haka manyan masu jera korayen takardu suka ƙi sa shi cikin jerinsu. Ita ma Sin sai a 2021 ta cire kwal daga ayyukan da take kira kore.

Tarayyar Turai ta yi doka a 2023, ta fara aiki a Disamba 2024, mai ƙayyade ma'anar kalmar. Ita ma, wanda ya so tambarinta kaɗai take ɗaurewa.

Abin da muka fahimta shi ne, tsoron rasa masu saye ne ya riƙe ƙa'idojin nan. Duk ranar da masu saye suka fi takardu yawa har suka daina bincike, sunan zai rasa mai tsaronsa.