Gadon Bayan Yaro Tsakanin Kokawa da Resilin

Mu 'yan cikin badalar Kano ba mu gaji kokawa irin gadon da mutanen karkara suka yi mata ba. Yakasai unguwar malamai ce da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Yaro yana tashi ne tsakanin makarantar allo da rumfar ubansa a Kasuwar Rimi ko Kurmi, ba shi da gonar da zai jira a girbe kafin ya ɗaura warki. Kokawa kuwa wasan manoma ce, dambe na mahauta. Da kaka ake yin ta, an cika rumbu, jiki ya murmure, samarin wannan gari su ɗebi makaɗansu su tafi wancan. Ko Baturen nan Hugh Clapperton da ya zauna a Kano a 1824, dambe aka nuna masa, kuma mahauta ne suka yi. Duk da haka kokawa ba ta taɓa yankewa daga birni ba, domin da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a ƙauye, kuma kowane rani 'yan ci-rani suna shigowa da ita a jikinsu.

Ni ta hannun kawuna na san ta, ƙanin mahaifiyata, manomi daga wajen Ɗambatta. Idan ya gama aikin gona yakan sauka a soron gidanmu ya yi rani yana dako a kasuwa. Da yamma sai ya tara mu a kan tudun yashin da wani maƙwabci ya sauke don gini, ya haɗa mu biyu-biyu, sa'a da sa'a. Ya nuna mana yadda ake shiga ƙarƙashin mutum, yadda ake harɗe ƙafa, yadda ake taɗiya, da yadda za ka saki jiki idan ka ga kaye ya tabbata, kada ka tokare da hannu ya goce. Wata rana wani ɗan baffana ya kayar da ni, daɗin nasara ya ɗebe shi, ya bi ni ya danne da gwiwa a tsatso. Kawu ya taso ya ɗago shi da kunne.

"Kai ɗan nan, ɗaga shi! Ka kayar, me kuma ya rage?"

"Kawu, ai bai ce ya bi ba."

"Ba sai ya ce ba. Ƙasa ta faɗa a madadinsa."

Wannan ita ce dokar kokawar Hausa gaba ɗayanta. Kaye shi ne ƙarshe. Da bayan mutum ko mazauninsa ya taɓa ƙasa, ko ya durƙusa ya dafa, magana ta ƙare, wanda ya yi kaye ya ja da baya ya tafi wajen makaɗa a yi masa kirari. Babu murɗiya, babu shaƙa, babu jiran wani ya yi kuka. Malaman unguwarmu da ba sa son kiɗan da layun da ke tattare da ita, ban taɓa jin sun kushe kokawar kanta ba. Su ne ma suke ba mu labarin kokawar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana, da ta yaran nan biyu, Samura da Rafi'u, gab da yaƙin Uhudu.

Wanda yake son ganin dokar nan a raye ya leƙa Nijar. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko. Yau jihohi takwas ne suke kawo 'yan kokawa goma-goma a fafata a kan takobi, ƙasar ta tsaya cik ana bi ta rediyo da talabijin. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin sau shida zuwa ƙarshen 2023, kuma ko sau ɗaya bai ci shi da lanƙwasa bayan wani ba. Ba na cewa kokawarmu ba ta da hatsari. Wanda aka sunkuta aka buga da ƙasa yana iya targaɗe, yana iya karyewa. Sai dai filin rairayi ne, abin ƙiftawar ido ne, kuma manya suna tsaye.

Resilin ya zo da wata doka dabam. A cikinsa faɗuwa ba ta gama komai: ko a danne kafaɗunka alƙali ya ƙirga uku, ko a murɗe ka har ka sallama. Kano ma tana da hannu a shigowarsa ƙasar nan, domin Michael Okpala, wanda duniya ta sani da Power Mike, a garin nan ya zauna yana saurayi, a nan ya fara wasan nuna ƙarfi kafin ya zama zakaran Afirka a 1970. Da ya daina shiga fili a 1976 sai ya koma kawo 'yan resilin daga waje, irin su Mighty Igor da Mil Mascaras. Mu kuwa a talabijin muka same su, a NTA da CTV, mu cika tagar gidan da yake da akwati har mai gidan ya gaji ya buɗe mana ƙofa. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya zo, gidajen kallo suka buɗe, sai tauraron ɗan'adam, yau kuma abin yana cikin wayar da ke aljihun ɗan shekara goma.

A nan muka fara ganin kamun da aka gina shi kacokan a kan gadon baya. Wanda ya fi shiga kan yara shi ne kamun raƙumi, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Gory Guerrero na Meziko. A kifar da mutum rub da ciki, a hau bayansa, a ɗora hannayensa a kan cinyoyin mai kamu, a saƙalo haɓarsa da hannu biyu a ja sama. Da shi Iron Sheik ya karɓe kambun duniya daga Bob Backlund ranar 26 ga Disamba 1983 a Madison Square Garden da ke birnin New York, bayan Backlund ya kusa shekara shida yana riƙe da shi, sai da mai kula da shi ya jefa tawul cikin fili. Ba a yi wata guda ba, ranar 23 ga Janairu 1984, Hulk Hogan ya miƙe tsaye daga cikin wannan kamun ya karɓe kambun. Na biyu shi ne ƙaguwar Boston: nan ma rub da ciki, amma ƙafafu ake saƙalewa a hammata, mai kamu ya juya baya ya tsuguna, dugadugan mutum su nufi ƙeyarsa. Idan aka harɗe ƙafafun kafin a juya, ya zama kamun kunama, wanda Riki Choshu ya yi fice da shi a Japan, Sting da Bret Hart suka yaɗa shi a Amurka. Akwai kuma na saɓa mutum a kafaɗu a tanƙwara shi, irin na Lex Luger, amma yara ba su cika iya ɗaukar juna haka ba.

Abin da ba mu sani ba a lokacin, kuma yaran yau da yawa ba su sani ba, shi ne mai kamu da wanda aka kama aiki ɗaya suke yi tare. A 1989 kamfanin resilin na WWF da kansa ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa wasansa nishaɗi ne, ba gasa ba. An san wanda zai ci tun kafin a fito. Saboda haka gwanintar mai kamu ba a azabtarwa take ba, a kare bayan abokin aikinsa take, alhali 'yan kallo suna ganin kamar zai ɓalla shi. Na shekara da shekaru ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantar sakandare, kuma nakan tsayar da hoton bidiyo in ce wa ɗalibai su dubi ƙafafun mai ƙaguwar, su bar kallon fuskar mai ihu. Ba zaune yake a kan mutum ba. Tsugune yake irin tsugunon mai wanki a bakin rijiya, nauyinsa duk a kan cinyoyinsa. Na ƙasan kuma ya tokare da damatsa ya ɗago ƙirji, shi yake ba da lanƙwasar gwargwadon abin da jikinsa zai ɗauka, wancan yana riƙe kawai. A kamun raƙumi ma tafin hannu tallafe haɓa yake yi, ba ya fizga. Ana shiga kamun a hankali, a sake shi a hankali. Suna da alamar da suka yi yarjejeniya a kanta, bugun tabarma ko matsa hannu, alƙali yana kai saƙo tsakaninsu cikin raɗa, idan kuma rauni na gaske ya faru sai ya gicciye hannayensa sama a kira likita. Dandamalin kansa katako ne a kan ƙarafa, an shimfiɗa soso an rufe da tamfol, yana ɗan lotsawa.

Da duk wannan tanadin ma ba su tsira ba. Shawn Michaels ya buga bayansa a gefen akwatin gawa a wani wasa cikin Janairun 1998, ya daure ya yi wasa ɗaya a watan Maris, daga nan sai da ya shekara huɗu bai koma ba. Wannan ƙwararre ke nan, mai likita a gefe.

To, ina ga yaran lungu a kan daɓen siminti? Na ga abin da idona a soron maƙwabtanmu bayan sallar isha'i. Wani yaro ƙato ya zauna da dukkan nauyinsa a tsatson ƙaninsa, ya saƙalo haɓarsa yana ja da baya, sauran suna tafi. Ƙaramin bai yi kuka ba, kuma wannan shi ne abin tsoron: an danne masa ciki, an rufe masa muƙamuƙi, ba shi da numfashin da zai yi ihu da shi. Kakarsu ce ta fito da buta a hannu ta gan su.

"Innalillahi! Kai, kashe mini shi za ka yi? Sauka!"

"Hajiya, wasa ne fa, kullum muna yi."

Gaskiya ya faɗa, kullum suna yi, kuma shi ya jawo. Yaron ya yi makonni ba ya iya miƙewa daga ruku'u sai ya dafa bango. Aka sha shafa masa man zafi, aka sha miƙa shi, ba sauƙi. Da aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala aka ɗauki hoto, sai ga tsaga a ƙashin tsatso. Ya warke da hutu da ɗamarar asibiti, amma ƙwallo ta gagare shi shekarar nan.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san ƙirar jiki. Tsatso ƙasusuwa biyar ne a jere, da guringuntsi a tsakaninsu, jijiyoyin da ke sauka daga laka zuwa ƙafafu da mara suna ratsawa ta cikinsu. Allah ya yi shi yana sunkuyawa gaba sosai, amma komawarsa baya kaɗan ce. Idan aka matsa masa ya wuce iyakarsa, ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙashin suke cin karo da juna, kuma a jikin yaron da bai gama girma ba a nan tsaga take fitowa, galibi a ƙashi na biyar, na can ƙasa. Shi ya sa ba na yarda ɗalibina ya gwada kowane irin kamun baya sai ina tsaye, a kan katifa, bayan an ɗumama jiki, tsakanin sa'o'i masu nauyi ɗaya, an kuma yi magana a kan alamar saki tun kafin a taɓa juna. Kamun raƙumi kuwa na hana shi ɗungurungum, domin wuya da numfashi suna ciki, kuma ban ga abin da yaro zai ƙaru da shi ba. Idan kuma tsautsayi ya gitta, yaro ya ce ƙafarsa ta yi sanyi, ko tana masa tafiyar tururuwa, ko ya kasa riƙe fitsari, kada a ja shi, kada a taka masa baya, kada a zaunar da shi a babur. A kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, a ɗauke shi a miƙe zuwa asibiti a daren. Ina girmama maɗoranmu, sun gyara hannaye da ƙafafu ba adadi, amma laka ba aikin ɗori ba ce.

Hana yaro kokawa ba zai yiwu ba, kuma ni ba na so a hana. Jikinsa yana neman wanda zai gwada ƙarfi da shi, idan ba a ba shi fili ba zai nemi soro. Abin da ke damuna shi ne muna da tamu, mai doka, mai alƙali, wadda ƙasashen ECOWAS suke gasa a kanta har aka yi ta a Abuja cikin Maris 2025, amma yaron Yakasai da zai taka da ƙafa ya isa filin wasa na Ƙofar Mata bai taɓa ganin an yi ta ido da ido ba. Ina roƙon masu unguwanni da shugabannin makarantu da hukumar wasanni ta jiha: a sauke tifar yashi ɗaya a kusurwar filin makaranta, a kewaye da buhuna, a samo tsohon ɗan kokawa a riƙa ba shi ɗan abin goro ya zo ranar Asabar ya koya wa yara. Suna nan da yawa cikin masu gadi da 'yan garuwa da 'yan dako a birnin nan, ba a dai tambaye su ba ne.